Kwana Uku a Gindin Farin Dutse: Hutu Ne Ko Almubazzaranci?

A kan shayi gardamar ta tashi, a wani ɗan gida da ke hawa na huɗu a birnin Liyon na ƙasar Faransa, daren da na sauka wurin wani aminina mutumin Damagaram. Shi da matarsa shekararsu goma sha ɗaya da aure, 'ya'yansu uku. Shi ma'aikacin lissafin kuɗi ne, ita kuma tana aikin jinya, aikin da rabinsa cikin dare ake yi. Watan Nuwamba ne, sanyi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, yara sun yi barci. Ita ce ta ɗauko maganar, kuma daga yadda ya ajiye kofinsa na gane sun sha yin ta kafin zuwana.

"Malam, kai ne baƙo, kai za ka raba mu," in ji ta. "Na ce wa Abban yara mu bar su wurin ƙanwata, mu je Shamoni mu kwana uku, mu biyu kawai, mu ga dusar ƙanƙara, mu koyi zamiyar nan da abokan aikina ke ta ba ni labari. Ya ce ɓarnar kuɗi ce."

Ya ce, "Uwargida, ban ce ɓarna ba. Cewa na yi a duba."

Ban raba su a daren ba, don ni ma ban san gefen da nake ba. Amma tun daga ranar maganar take yi mini yawo a ka, saboda na lura cewa abin da suke ja a kai ya fi ƙarfin aljihunsu. Gardama ce da Turawan kansu suke yi yanzu a jaridu da majalisun ƙananan hukumomi da kotuna: shin har yanzu ya dace mutum ya ɗauki matarsa su hau tsauni cikin hunturu don su yi wasa a kan ƙanƙara?

Sai in fara da wurin. Shamoni gari ne na mutum kamar 9,000, yana kwance cikin kwari mai tsayin mita 1,035 daga teku, a gindin Mon Bulan, wato Farin Dutse, wanda ya haura mita 4,800 kuma babu wanda ya kai shi tsawo a yammacin Turai. A ranar 8 ga Agusta 1786 wasu 'yan garin biyu, Jacques Balmat da likita Michel-Gabriel Paccard, suka fara taka ƙololuwarsa. A nan aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. Akwai motar igiya da aka buɗe a 1955, wadda ke ɗaukar mutum daga tsakiyar gari ta dire shi a kan wani tsinin dutse mai mita 3,842 cikin kamar minti ashirin. Daga Liyon, tafiyar ba ta kai awa uku a mota ba. Saboda haka abin da matar ke nema yana bakin ƙofarsu, kuma wannan yana cikin abin da ke ci mata rai: shekara da shekaru tana ganin fararen duwatsun daga nesa in gari ya washe, ba ta taɓa taka su ba.

Hujjarta ta farko ita ce wadda ta fi kama ni. Ta ce rabon da su zauna su biyu, ba yaro, ba waya, ba baƙo, tun kafin haihuwar ɗiyarsu ta fari. Tana dawowa daga aiki yana fita. Hirarsu ta koma ta kuɗin haya, da takardun makaranta, da wanda za a aika wa kuɗin magani a gida. Babu faɗa tsakaninsu, amma tana jin suna zama kamar abokan haya masu mutunta juna. Ina ganin duk wanda ya daɗe da aure ya san wannan shirun. Mu a al'adarmu ba mu saba ware wa aure lokaci nasa na kansa ba; muna ɗauka tunda ana kwana ɗaki ɗaya an gama. Tafiya kuwa, in an yi ta, ta biki ce ko ta gaisuwar mutuwa, kuma a can ma maza na zaure, mata na cikin gida.

Mijin ya ce in dai keɓewa ake so, ai ana iya keɓewa a ko'ina, ba sai an hau dutse ba. Gaskiya ne. Amma amsar da ta ba shi ta sa na yi shiru. Ta ce a ko'ina shi ne ya sani, shi ne gaba. A kan ƙanƙara kuwa dukansu biyu 'yan koyo ne. Za su ɗaura takalman nan masu nauyi, su tsaya gaban malamin zamiya mai jar riga, ya koya musu yadda ake haɗa bakin katakan biyu don a tsaya, su faɗi, su tashi, ya miƙa mata hannu, ita ma ta miƙa masa. Ta ce tana so ta gan shi yana koyon wani abu tun daga baƙaƙe, kuma ya gan ta haka. Ban taɓa jin an kare hutun miji da mata da hujja irin wannan ba, kuma na yarda da ita. Mutane biyu da suka yi shekara goma kowa na riƙe da matsayinsa suna bukatar wurin da matsayin zai faɗi ƙasa na ɗan lokaci. Ga kuma dogon daren hunturu: ƙarfe biyar na yamma duhu ya shiga, an rufe hanyoyin zamiya, babu abin yi sai a koma ɗaki mai ɗumi a yi hira.

To, sai kuɗi. A nan mijin ya ɗauko alƙalami, don sana'arsa ce. Takardar hawa motocin igiya ta yini ɗaya a Shamoni ta wuce Yuro 60 ga mutum guda. Hawa tsinin dutsen nan mai mita 3,842 kaɗai ya fi Yuro 70. Ga hayar katakai da takalma da hular kwano, ga kuɗin malami, ga riguna da safar hannu da tabarau waɗanda ba za su sake amfani da su ba sai wata shekara, ga masauki da ke ninka kuɗinsa lokacin hutun makarantu na Fabrairu, ga abinci a kan dutse inda kwanon miya ke cin kuɗin cefanen yini. Da ya haɗa, kwana ukun sun tasam ma abin da yake aika wa mahaifiyarsa na wata uku. Ya ce, "Da wane ido zan kalli Inna in ta ji na kashe wannan don in zame a kan ƙanƙara, alhali rufin ɗakinta na yoyo?"

Wannan magana ba a ture ta da hannu ɗaya. Kuma kada a ɗauka talaucin baƙo ne kawai ke magana. A Faransa kanta, ƙasar da ke cikin manyan ƙasashen zamiya na duniya, kusan mutum ɗaya ne cikin goma ke zuwa irin wannan hutu. Sauran tara suna gani ne a talabijin. Wasan na masu hali ne tun asalinsa. Ana ba da labarin cewa a 1864 wani mai otal a San Morits ta ƙasar Suwizalan, Johannes Badrutt, ya yi wa baƙinsa Ingilishi tayin su dawo cikin hunturu, in ba su ji daɗi ba shi zai biya kuɗin tafiyarsu. Suka zo, suka zauna har bazara. Daga masu kuɗin Ingila abin ya faro, kuma har yau ƙanshin kuɗi bai bar shi ba.

Sai dai ina da ja a kan lissafin aminina, kuma na faɗa masa. Ma'aunin da ya ɗauko, wato a auna kowane jin daɗi da bukatar wani a gida, ma'auni ne da babu abin da zai tsira a kansa. Da shi za a iya hana sayen sabuwar riga, a hana cin nama ran Juma'a. Mutumin da ke ƙasar waje yana ɗauke da dangi a ka, in bai yi hankali ba sai ya wayi gari ya biya wa kowa bukata ban da matar da ke kwana tana tashi da shi. Ita ma tana da hakki a cikin wannan albashi, balle ma da guminta a ciki. A gyara rufin Inna tukuna, wannan ba gardama. Amma in an gyara, ban ga laifin a ce saura na mutum biyun nan ne ba.

Maganar haɗari ba ta ɗauke mu lokaci ba, ko da yake ita mijin ya fi ɗaga murya a kanta. Ya tuna mana Michael Schumacher, zakaran tseren mota, wanda ya faɗi ya bugi dutse da kai a Meribel ranar 29 ga Disamba 2013, yana sanye da hular kwano, kuma tun daga nan bai sake fitowa bainar jama'a ba. Ya tuna zaftarewar ƙanƙarar da ta binne gidaje a Monrok, cikin kwarin Shamoni ɗin nan, a Fabrairun 1999, ta kashe mutum 12. Matar, da yake asibiti ne wurin aikinta, ta ƙara masa da abin da bai sani ba: kowane hunturu likitocin tsaunukan Faransa na karɓar sama da mutum 100,000 da suka ji rauni, kuma gwiwa ce ta fi shan wuya. Amma ta ce yawancin masu mutuwa waɗanda suka bar hanyar da aka shata ne suka shiga jeji. An raba hanyoyin da launi: kore na ɗan koyo, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi na gwanaye. Wanda ya tsaya a kore, da malami, da hula, da inshora ta 'yan Yuro kaɗan a yini, abin da ya fi yiwuwa ya same shi ciwon cinya ne da safe. Na ba ta gaskiya a nan.

Akwai kuma abin da ya shafi Musulmi, wanda mijin ya kawo cikin natsuwa. Rayuwar yamma a irin waɗannan garuruwa a kan giya aka gina ta. Da an sauko daga dutse sai mashaya. Abincin yankin ma sai an yi tambaya: narkakken cukun da ake tsoma burodi a ciki da ruwan inabi mai sa maye ake dafa shi, dankalin da ake gasawa da cuku kuma da naman alade. Wannan gaskiya ne, amma abu ne da wanda ya zauna a Turai ya riga ya iya zama da shi. Ana kama ɗaki mai murhu a dafa na kai. Kuma ni a ganina mai imani yana da nasa rabon a kan dutsen nan wanda mashayi ba shi da shi. Wanda ya taso a Sahel, inda ƙasa take shimfiɗe har iyakar gani, in ya tsaya ya ga duwatsu sun huda gajimare, fari fat, shiru ko kukan tsuntsu babu, tasbihi ne zai fito masa ba tare da ya shirya ba.

Da a nan gardamar ta tsaya, da na ce matar ta yi nasara na tafi na kwanta. Abin da ya hana ni barci wani abu ne da ɗiyarsu ta fari, 'yar shekara goma, ta faɗa da safe muna karin kumallo. Ta ce malamarsu ta gaya musu ƙanƙarar tana ƙarewa. Daga nan ne maganar ta bar gidan aminina ta zama ta kowa.

Yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Tsaunukan Alf, inda Farin Dutse yake, sun ƙara ɗumi da kusan digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19, kusan ninki biyu na abin da duniya gaba ɗaya ta ƙara. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai, daskararrun kogunan ƙanƙara na Suwizalan sun rasa kashi 10 cikin ɗari na jikinsu. A saman Shamoni akwai irin wannan kogi mafi girma a Faransa, wanda ake kira Tekun Ƙanƙara. A ƙarni na 17 yana gangarowa har yana cin gonaki da gidaje, har sai da mutanen kwarin suka roƙi babban limamin coci ya zo ya yi addu'a ya tsaya. Yau kuwa ya janye, ya zube ƙasa da fiye da mita ɗari a daidai tashar jirgin da ke kai masu kallo. Matakalar da ake sauka a kai gare shi, wadda a da taku kaɗan ce, sai da ta wuce taki 500, har a 2024 aka buɗe sabuwar motar igiya can gaba don a bi ƙanƙarar inda ta gudu. Wani bincike da aka buga a 2023, wanda ya duba wuraren zamiya 2,234 a Turai, ya nuna cewa in ɗumin duniya ya kai digiri 2, fiye da rabinsu za su shiga matsanancin ƙarancin dusar ƙanƙara in ba a haɗa da ta inji ba; in ya kai digiri 4, kusan dukkansu.

Ta inji ɗin ita ce inda masu suka suka fi kafa ƙafa. Ana tara ruwa a tafkunan da aka haƙa a kan dutse, a tura shi ta bututu, injuna su fesa shi cikin iska mai sanyi ya daskare ya zubo. Ruwa ganga ɗaya na ba da dusa kamar ganga biyu, kuma sai sanyi ya sauka ƙasa da sifili abin ke yiwuwa. A Italiya kusan kashi 90 cikin ɗari na hanyoyin zamiya sun dogara da wannan. A Faransa wajen kashi 40. A Fabrairun 2020 wani wurin zamiya a tsaunukan Firene ya ɗauko dusa tan 50 da jirgi mai saukar ungulu ya zuba a kan hanyar 'yan koyo, abin da ya jawo surutu har daga bakin gwamnati. A La Kuluza, ba nisa da Shamoni, masu kare muhalli sun kwana a kan itatuwa don hana haƙa wani tafki na ruwa kubik mita 148,000, kuma a Oktoban 2022 kotu ta dakatar da aikin. Mu da muka san darajar ruwa, muka san mace na tafiyar awa guda da tulu a ka, da wuya mu ji an daskarar da tafki guda don wasa zuciyarmu ba ta motsa ba. Kuma akwai ɗaci na musamman a ciki: hayaƙin da ke narkar da ƙanƙarar Alf shi ne ke rikita damina a Damagaram da Katsina, kuma manomin can bai taɓa hawa motar igiya ba.

Kwarin Shamoni ɗin ma yana shaƙar nasa. Cikin hunturu iska mai sanyi kan kwanta a ƙasan kwarin kamar an rufe tukunya, hayaƙin itacen ɗumama gidaje da na manyan motocin da ke bi ta ramin Mon Bulan zuwa Italiya ya taru ya rasa mafita. Kwarin kogin Arbe, wanda Shamoni ke cikinsa, na cikin wuraren da iskarsu ta fi gurɓata a Faransa a wannan lokaci. Baƙo na can sama cikin rana yana ɗaukar hoto, 'ya'yan masu yi masa hidima na ƙasa suna tari.

Ga kuma gidaje. Masu kuɗin Landan da Faris da Janeba sun saye gidajen kwarin sun mai da su na hutu, ana buɗe su mako biyu ko uku a shekara, sauran lokaci tagogi a rufe. Faransawa na kiran su gadaje masu sanyi. A Shamoni irin waɗannan gidaje sun fi na mazauna yawa nesa ba kusa ba. Mai share ɗakin otal da mai tuƙa motar igiya sai su gangara can ƙasan kwari su nemi haya, wasu ma a cikin mota suke kwana duk tsawon lokacin aiki. Abin ya yi tsanani a Suwizalan har a Maris 2012 jama'a suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama suka hana gina sababbin gidajen hutu a duk garin da suka riga suka wuce kashi 20 cikin ɗari.

Duk wannan nauyi ne a gefen mijin, ko da yake shi bai fara da shi ba. Amma kafin a yanke hukunci, a tambayi mutanen dutsen yadda kakanninsu suka rayu kafin zuwan baƙi. Ƙasar Sabuwa, inda Shamoni take, ƙasar yunwa ce a da. Wata shida ƙanƙara ta rufe gona, mutane da shanu suna kwana ƙarƙashin rufi ɗaya don ɗumi. Da kaka ta wuce sai maza su ɗaura ƙunshi su gangara birane neman abin kai wa baka, su dawo da bazara. Cin rani ke nan sak, sai dai nasu cin hunturu ne. Har yara ƙanana ake haɗawa da wani ubangida ya tafi da su Faris da Liyon suna shiga cikin bututun hayaƙin gidaje suna kankare baƙin toka, saboda jikinsu ne kaɗai zai iya shiga. Ƙauyuka da yawa sun zama kufai. Zamiya ce ta tsayar da wannan zubar jini. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta shiga gina garuruwan zamiya, Kurshabel ta fara a 1946, sannan babban shirin shekarun 1960 da 1970 ya biyo. Yau ayyuka wajen 120,000 a Faransa sun rataya a kan buɗewar hanyoyin nan kowane hunturu. Makiyayin da ke tatsar shanu yana yin cuku da bazara, shi ne malamin zamiya cikin Janairu, kuma kuɗin Janairun ne ke sa ya iya riƙe shanun. In kowa ya ɗauki shawarar zama a gida saboda tausayin dutse, wanda zai fara jin yunwa shi ne mutumin dutsen.

Wannan ita ce tsaka mai wuyar, kuma ban ga wanda ya fita daga cikinta da sauƙi ba. Hukumar binciken kuɗin gwamnati ta Faransa ta fitar da rahoto a Fabrairun 2024 tana cewa tsarin tattalin arzikin zamiya ya fara gajiya, kuma wurare kaɗan ne za su iya ci gaba bayan 2050. Ƙananan wurare na ƙasa-ƙasa sun fara rufewa. La Sambuwi, kusa da tafkin Ansi, ta rufe a 2023 bayan shekaru sama da sittin. A shekarar 2024 kuma aka ba tsaunukan Faransa gasar Olamfik ta hunturu ta 2030. Hannu ɗaya na rubuta gargaɗi, ɗayan na sa hannu a kan sabon biki.

Ni dai ga inda na tsaya, bayan na juya abin ta kowane gefe. Ina gefen matar, amma da sharuɗɗan da na aro daga gefen mijin da na 'yarsu. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne wani lissafi da masu sukar ma suka yarda da shi: fiye da rabin hayaƙin da hutun zamiya ke haifarwa daga tafiyar zuwa da dawowa yake fitowa, sannan ɗumama masauki, motocin igiya da injunan dusa kaso kaɗan ne. Ma'ana, wanda ya taso daga wata nahiya a jirgin sama don kwana uku, da wanda ya hau jirgin ƙasa daga Liyon ya sauya a San Jarbe ya shiga ɗan jan jirgin da ke hawa kwarin tun 1901, ba abu ɗaya suka aikata ba, ko da a kan hanya ɗaya suka zame. Haka wanda ya sayi gida ya kulle shi wata goma sha ɗaya, da wanda ya kama ɗaki wurin iyalin da suka gaji gidan daga kakanni. Shi ya sa ba zan ba wa mai karatu da ke Kano ko Maraɗi shawarar ya nemi biza ya keto hamada da teku don wannan kaɗai ba. Kuɗin da hayaƙin sun fi ƙarfin amfanin, kuma abin da matar aminina ke nema, wato keɓewa da mijinta a wurin da dukansu baƙi ne, ana samunsa kusa. Amma su da dutsen ke bayan gidansu, hana su zuwa ba zai dawo da taki ɗaya na Tekun Ƙanƙara ba, kuma zai bar wani abu yana narkewa a cikin gidan.

Akwai abin da har yanzu nake jin nauyinsa, kuma ba zan ɓoye ba. Hujjar "ni kaɗai ba zan canza komai ba" ita ce hujjar da miliyoyin mutane ke riƙe da ita a lokaci guda, kuma haɗuwarsu ce ke cika kwarin da motoci. Na san na jingina da ita. Abin da kawai zan iya cewa shi ne akwai bambanci tsakanin wanda ya mai da abin al'adar kowace shekara, sau biyu ko uku, da mutum biyu da suka jira shekara goma sha ɗaya.

Sun tafi a tsakiyar Janairu, bayan an watse daga hutun sabuwar shekara, lokacin da masauki ke araha. An riga an aika kuɗin kwanon rufi gida tun Disamba. Wannan shi ne sharaɗinsa, ita kuma ba ta ja ba. A jirgin ƙasa suka je, suka sauka a Lezush, ƙauyen da ke bakin kwarin, wurin wata tsohuwa mai ba da hayar ɗakuna biyu a saman gidanta. Kayan sanyi aro suka yi wurin abokan aikinta. Yini biyu suka yi a hanyar kore tare da malami, kuma ta ce mini a waya shi ya riga ta iya tsayawa, ita ta riga shi iya juyawa.

A rana ta uku ba su yi zamiya ba. Sun hau jirgin da ke kai wa Tekun Ƙanƙara. A jikin dutsen an kafa alluna masu nuna inda ƙanƙarar take a shekaru daban-daban, kowane allo na ƙasa da wanda ya gabace shi. Ya ce mini ya nemi na 1990, don shekarun ƙuruciyarsa ne, ya tsaya a gabansa, sannan ya leƙa ƙasa ya hango inda ƙanƙarar take yanzu, can nesa, toka-toka, duwatsu sun rufe ta. Ya daɗe bai ce komai ba. Da suka juyo, ita ta ce tana so baɗi su kawo yaran su gani tun da sauranta. Shi kuma ya ce abin da ya gani ne ma ya sa yake ganin kada su sake zuwa. Har jirgin ya iso Liyon suna kan maganar, kuma da na kira su makon jiya ba su gama ba.